Ranar da Muka Juya Fudin

Babana kuku ne a gidan wani Bature injiniyan reluwe a Kafanchan, tun kafin a ba mu mulkin kai. Baturen yana da 'ya ɗaya, sa'ata, Hausa a bakinta kamar a tsakiyar kasuwa aka haife ta. Ita ta koya mini tsallen igiya, ni kuwa na koya mata cin rogo da ƙuli a bayan kicin.

Turawa suna da wata al'ada da har gobe ban gane kanta ba. Da yaro ya ɗan tasa sai a tura shi makarantar kwana a Ingila, uwa tana nan zaune tana shan shayi. An ce bayan Kirsimeti ƙawata za ta tafi.

Wata Lahadi Madam, matar Baturen, ta tara mu a kicin. Baba ya kwaɓa fulawa da kitse da ƙwai da zabibi a babban kwano, abincin Kirsimetinsu da suke kira fudin. A garinsu, in ji Madam, kowa na gida sai ya juya shi da cokalin katako, ya rufe ido ya roƙi abin da yake so. Ba ta ce a zuci ake yi ba, a ganinta kowa ya san wannan.

Ƙawata ta juya, bakinta a rufe gam. Da aka miƙo mini cokalin na kama shi hannu biyu kamar muciya, na ɗaga murya na ce, "Allah ya hana ta tafiya."

Baba ya ce, "Amin." Mai wanki ma ya ce amin.

Sai ƙawata ta fashe da kuka. "Kin ɓata," in ji ta. "Ba a faɗa. In an faɗa ba ya yiwuwa. Ni ma shi na roƙa."

To mu a wurinmu, addu'ar da ba a ji ba wa zai ce mata amin? Ban ga laifina ba, har yau kuwa ban gani ba. Madam ta juya mana baya, ta daɗe tana goge kofin da ba shi da datti.

Ƙawata ta bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan ban sake jin ɗuriyarta ba. Ga ni na tsufa, kewarta ba ta sake ni ba. Duk shekara in ina tuƙa tuwon Kirsimeti nakan rufe ido. Jikokina sun sha tambayata, "Kaka, me kike yi?" Ba na gaya musu.