Inna Saude, Mai Juya Na Kwance

Kafin matan unguwarmu su sauke tukunyar koko, Inna Saude ta riga ta fita. Ƙwarya a ka, fatar tunkiya a naɗe a hammata, tana tafe tana mita ita kaɗai. A cikin ƙwaryar akwai ƙoƙon zuma, da man kaɗanya, da 'ya'yan bagaruwa, da tsummokaran saƙi da ta wanke da ruwan zafi ta shanya tun jiya. Gidajen da take shiga kowa a Birnin Gwari ya san irinsu: inda majinyaci ya daɗe a kwance, har masu dubiya sun koma tsayawa daga bakin ƙofa suna toshe hanci da gefen mayafi. Ita ba ungozoma ba ce, ba kuma mai maganin iska ba, aikin nata ko suna ba shi da shi. Mutum take juyawa.

Haushi ne ya sa na jiƙa tawada yau, ba zan ɓoye ba. Tun gemuna yana baƙi matar nan take wannan zirga-zirga, yanzu ya yi fari fat, ban taɓa jin wanda ya tsaya a cikin mutane ya ce mata sannu ba. In majinyaci ya tashi, sai a ce saiwar da fatake suka kawo ce ta yi aiki. In ya cika, sai a ce Saude ce ta dame shi da juyi, ba ta bar bawan Allah ya huta ba.

Alhali abin da take faɗa ba shi da wuyar ganewa. Wanda ba ya iya motsa kansa, inda ƙashi ya danne fata wurin yakan fara yin duhu, ya saɓule, ya zama rami. Gyambon kwanciya ke nan. Takan wanke shi da ruwan bagaruwa mai ɗumi, ta cika shi da zuma, ta rufe da tsumma, ta shafe sauran jikin da man kaɗanya, ta cusa audugar rimi tsakanin gwiwoyi. Amma ta sha faɗa, har muryarta ta dushe, cewa duk wannan wahalar banza ce in ba a juya mutum duk sa'ad da inuwa ta gusa ba.

Labarin Jaji ya isa misali, don katangarmu ɗaya da gidansu. Jaji mai zuma ne, yana rataye amya a manyan itatuwan dajin Kamuku, a wurinsa ma Saude take samun zumar aikinta. Wata kaka reshe ya karye da shi. Fulanin rugar Bakoji suka tsince shi, suka kawo shi gida a kan asabari, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Maɗori ya duba, ya girgiza kai, ya tafi. Wansa Mailafiya mutumin kirki ne mai tsoron Allah, sai dai in ya kafe a kan abu, to a bar shi kawai. Ya ce tunda ba a san sa'ar da rai zai fita ba, a kwantar da ƙanensa a ɓarin dama, fuska gabas, yadda ake yi wa wanda ya zo gargara, kuma kada kowa ya motsa shi.

To Jaji bai mutu ba. Aka gama girbi, aka kai dawa rumbu, yana nan a ɓarin dama yana kallon bango. Matarsa Talatu tana ba shi kunu da ludayi, tana ganin tabarma tana jiƙewa ta ƙasansa, amma maganar babban wa ta ɗaure mata hannu.

Wari ne ya kira Saude, ba mutanen gidan ba. Ta zo wucewa, ta tsaya, ta yi sallama, ba ta ma jira amsa ba. Da ta ɗaga shi, Talatu ta gaya wa mai ɗakina, ramin da ke ƙugun nan ƙwan zabuwa zai zauna a ciki, ga wani a idon sawu. Saude ta yi salati, ta yi faɗan da aka jiyo har gidana, sannan ta shimfiɗa fatar tunkiya, ta mirgina shi hagu. Sai ga Mailafiya. Ya ga ƙanensa ya ba alƙibla baya, ya ce in mutuwa ta zo a haka wa zai ɗauki alhakin.

Ba ta yi masa gardamar addini ba. Ta ce, "Gabas kake so ya duba, Malam? To kama min bakin fatar nan."

Suka ja fatar da mutum a kai, kan da yake kudu ya koma arewa. Ga Jaji a ɓarin hagu, ga fuskarsa gabas. Mailafiya ya tsaya yana kallo, ya buɗe baki zai ce ai dai dama aka sani. Sai Jaji ya tari numfashinsa. "Yaya, ka yi haƙuri, ban mutu ba tukuna. Ranar da na mutu ka kwantar da ni yadda ka so."

Daga ranar Mailafiya bai hana ba, bai kuma ƙara sa hannu ba. Ku duba wahalar da aka ɗora wa matar nan. Abin da mirginawa ɗaya za ta wadatar, sai an ja ƙato guda an kewaya ɗaki da shi, don kada ran wansa ya ɓaci. Ita da Talatu suke ja, inuwa ta gusa ta dawo su sake ja, haka har ruwa ya sauka, har ciyawa ta rufe hanyar Kuyello. Nama ya riƙa tsirowa daga ƙasan ramin, ja-ja, har ya cike. Ran da gyambon ya rufe, da kunnena na ji Mailafiya a kasuwa yana yabon layar da ya saya a hannun wani baƙo. Na haɗiye maganata don kada a ce na yi wa dattijo rashin kunya, amma ban manta ba har yau.

Inna Saude, ke ce kika shiga ɗakunan da 'ya'yan cikin mutum suke gudu. Ke ce kika ɗaga zanen da kunya ta hana kowa ɗagawa, kika ga abin da kika gani, ba ki taɓa kai shi bakin rijiya ba. Bakinki da kaifi, wannan duk mun shaida, amma hannunki bai taɓa fama wa kowa ciwo ba. Uwar marasa motsi, bayanki kika ƙarar a kan iyayen wasu.

Tun daminar bara bayan nata ya ƙi ɗaukarta, yanzu ita ce a kwance. Kun san abin da 'ya'yan ƙaninta suka yi? Suka kwantar da ita a ɓarin dama, fuska gabas, suka ce tsohuwa ce, a bar ta ta huta. A cikin gidanta, bayan duk shekarun nan. Tana ta faɗa suna cewa ruɗewar tsufa ce.

Labari ya kai wa Jaji, wanda yanzu saƙar amya yake yi a zaune a ƙofar gida. Ya sa aka ɗora shi a kan jaki, Talatu tana gaba da fatar tunkiya a hammata. Tun ranar, kullum yana bakin zauren Saude da kayan saƙarsa, ido ɗaya a kan inuwar katanga. Da ta gusa sai ka ji ya ɗaga murya: "Talatu, ku juya ta." Daga ciki kuma sai ka jiyo tsohuwar tana mita, wai ba haka ake kama fata ba. Jikinta ko tabo babu.

Mun gode, Inna Saude. Allah Ya saka miki, Ya sa hannuwan da kika koya wa aiki su yi yawa, don mu dai mun yi jinkirin godiya har abin ya zama abin kunya. Ku kuma da aka karanta muku wannan, ba na neman ku yi mata kirari, ba ta da lokacin jinsa. Duk mai na kwance a ɗaki ya tashi yanzu, ya je ya ɗaga zanen ya duba ƙugunsa.