Wendell Halvorsen, Wa Ka Bar Wa Karnukan Nan?

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, ɗanka Curtis ya kira ni da hantsi ya ce an tsince ka a bakin rumbu, zuciya ta tsaya, bokitin abincin karnuka na gefenka. Baba Wendell, yau kwana tara, har yanzu na rasa inda zan sa kaina.

Shekara shida da suka wuce na zo gonarka ta bayan garin Minot ina kuka. Hazel, karyar da muka shekara takwas tare a filin jirgi tana shinshina jakunkunan matafiya, ta tsufa an sallame ta, mai gidan da nake haya kuma ya ce ba a gidansa ba. Ka dube ni ka ce, "Haba Marisol, share hawayenki 'yata. Ita kam ta samu gida, ke ce dai ba ni da inda zan ajiye."

Haka ka yi ta tara su, da waɗanda suka gama aiki da waɗanda aka kora tun a wurin horo. Ɗaya daga cikinsu, Otis, tsoron santsin daɓe ya sa aka ƙi shi, sai ka shimfiɗe gidan kaf da tsofaffin dardumai. Kullum da safe, ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, kana ɓoye musu tsummoki masu ƙamshin kanumfari a cikin ciyawa su nemo. Da na ce wahala kake ba kanka, ka ce, "Ke an taɓa yi miki ritaya? To jira ranarki."

Su bakwai ka bari. Curtis zai rufe gidan ƙarshen wata ya koma bakin aikinsa, ban ga laifinsa ba. Na kira mutum sama da talatin, kowa kwikwiyo yake so. Likitar dabbobi ta ce uku da suka fi tsufa, in ba mai ɗauka, sai dai allurar barcin da ba a tashi. Hazel na cikinsu. Ban sa hannu ba, Baba, amma takardar amincewar na cikin motata.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya saka maka da wannan tausayin. Curtis da ƙanwarka Arlene, Allah ya ba ku haƙuri. Duk mai fili da shinge da ya karanta wannan, don Allah ya neme ni, ko ɗaya ne ya ɗauka. Ni zan kai masa har ƙofar gida, komai nisa. Ya Allah, ka turo shi kafin wata ya ƙare.