Ranar da Na Kada Baba a Siton Albasa

Sito ne na albasa a bayan tashar Jega. Wani ɗan kasuwa mutumin Aliero ya ara mana shi saboda kwanon rufinsa yana yoyo, a nan muke yin judo, wata irin kokawa ta ƙasashen waje, bayan La'asar. Katifarmu buhuna ce da muka ɗura wa buntun shinkafa, muka ɗinke da basilla, muka shimfiɗa tsohon tamfol na mota a kai. Ni a lokacin karen mota ne a hanyar Jega zuwa Maiyama, kuma ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba.

Mai koya mana tsohon soja ne, a bariki ya koyo abin. Baba muke ce masa. In ka shigo sabo, sai ka yi watanni bai bar ka ka kama rigar kowa ba. Faɗuwa kawai: ka manna haɓa a ƙirji, ka sauka a kan baya, ka mari tamfol da hannu, ka tashi. A garinmu kuwa wannan abin dariya ne. Mu da kokawa muka tashi, wanda bayansa ya taɓa ƙasa an gama da shi, har makaɗa su sa shi a waƙa. Mahauta da 'yan dako kan leƙo ta taga su ga ƙarti suna zubewa da gangan, su yi ta ƙyaƙyatawa. Na sha zagin iyayen wasu ta wannan tagar, ban kuma ji na yi asara ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. 'Yarsa ta kwashe shi zuwa Gumbin Kure, inda take aure. Ba a jima ba wani ɗan kokawa mutumin Kimba, ƙato ne mai wuya kamar turmi, ya shigo siton ya karɓe jagoranci, don babu mai iya ja da shi. Abin da ya fara sokewa faɗuwa ce. Ya ce shi ba ya koya wa maza kwanciya. Siton ya cika maƙil da samari, duk wanda aka ɗaga sai ya sandare a sama, ya ƙi ba da baya, ya sauka a kan kafaɗa ko gwiwar hannu. Mai ɗori ya samu kasuwa. Da ƙashin wuyan wani yaron mahauci ya karye, mai siton ya aiko cewa zai sa kwaɗo a ƙofar, sai fa in tsohon ya dawo da kansa.

Ranar da motarmu ta bi ta Gumbin Kure na sauka na kai masa labarin. Na same shi a zaure, ya rame, ƙafar hagu yana jan ta. Ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa ta judo daga akwati. 'Yarsa ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce in ji tsoron Allah, mai magani ya ce ko tuntuɓe kada ya yi. Na ce mata kallo kawai zai yi, a kan kujera. Har cikin raina haka na zata.

A gidan gaba direbanmu ya zaunar da shi. Da muka isa siton, mutane sun cika har waje, mai siton ma yana tsaye da kwaɗonsa a hannu. Baba ya ture kujerar da aka kawo masa, ya jingina sandarsa a bango, ya ja ƙafa har tsakiyar tamfol. Ya ɗaura ɗamararsa da hannu ɗaya da haƙori. Sannan ya kira ɗan kokawar, ya ce ya zo ya kada shi.

Ƙaton ya ja da baya. Ya ce shi ba a haife shi ya ɗaga sa'ar ubansa sama ba. Kowa ya gyaɗa kai, don gaskiya ce, a wurinmu ba a sa wa dattijo hannu. Baba ya juyo ya dube ni.

"Kai ɗana, taho. Kai nak koya ma. Gwada musu."

Na ce, "Baba, ɗiyarka ta ba ni amana."

"Ita ta haihe ni? In ba ka kada ni yau ba, wurin ga ya mutu, ni ko na koma zaure in jira likkahwani. Zaɓi."

Na kama rigarsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tausayi har idona ya kawo ruwa. Na juya, na sauke shi a hankali kamar mai ajiye tulu. Yana kwance ya zage ni tas a gaban jama'a, ya ce wannan raini ne, shi ba jinjiri ba ne. Ya dafa ya tashi. Raina ya ɓaci, da shi da su da tagar nan gaba ɗaya. Na shiga ƙarƙashinsa, na ɗora shi a ƙugu, na maka shi da gaske.

Ƙarar marin da ya yi wa tamfol ta cika siton, buntu ya tashi. Haɓarsa na manne a ƙirji, kansa bai taɓa ƙasa ba. Wasu suka yunƙuro za su ɗaga shi, ya daka musu tsawa. Ya daɗe yana fama, ya mirgina, ya durƙusa, ya miƙe shi kaɗai yana haki. Ya ce duk mai son zama ya kwanta rigingine yanzu, mai jin kunyar ƙasa kuma ga ƙofa nan.

Ɗan kokawar ya ɗauki takalmansa ya fita, yawancin samarin suka bi shi. Mu da muka rage ba mu cika tamfol ɗin ba. Muka kwanta, Baba yana tsaye a kanmu yana ƙirga, muka yi ta marin ƙasa har aka kira Magariba. Mai siton ya zura kwaɗonsa a aljihu ya tafi masallaci.

Sai da muka hau mota na lura gumi na keto masa, ya riƙe ƙugunsa yana cije leɓe. Ƙashin ya tsage tun a faɗuwa ta biyu, a haka ya ja mana horon duka a tsaye. Bai ƙara taka ƙafarsa ba. A kan kujera muka riƙa ɗauko shi zuwa siton duk ranar kasuwa, yana zaginmu yana gyara mana sauka, har Allah ya karɓi abinsa.

'Yarsa ta tsufa yanzu, ni ma haka. In na bi ta Gumbin Kure nakan tsaya a ƙofar gidanta in yi sallama, kuma har yau ba ta taɓa amsawa ba. Mutane sun sha ce mini in ba ta haƙuri a wuce wurin. Gaisuwa zan ci gaba da kai mata har in mutu, amma haƙuri ba zan bayar ba, don ko yau ya tsaya a gabana ya ce in kada shi, sai na kada shi.