Ranar Da Na Yafe Hannun Jikata

Ni dai wawa ne, wannan ba sai an kira shaida ba. Amma a cikin wautata akwai guda da ba zan manta ba har a kai ni makwanci, domin a gaban liman na tafka ta, da hula a kaina.

Dillalin wake ne ni a kasuwar Illela. Boko aji biyu na yi aka kore ni, amma a ciniki na sha sa mutanen Konni gumi a kan sefa. To wata ƙaramar Sallah wani Alhaji ya buɗe gidan shaƙatawa a bayan gari, har da tafkin siminti na wankan yara. Jikata, wadda nake kira amarya, ta bi yaran unguwa. Tana hawowa daga ruwa tsanin ƙarfen ya tuge daga bango, ta faɗo a kan gwiwar hannu. Maɗorin unguwarmu ya taɓa wurin ya girgiza kai, ya ce wannan ba nashi ba ne. A asibiti suka ce sai an yi aiki a Sakkwato, kuma da sauri, in ba haka ba hannun zai shanye a lanƙwashe. Ubanta direba ne, yana can hanyar Agadas, waya ba ta shiga. Abin da aka yanka mana kuwa ya fi ƙarfin aljihuna.

Sai na ɗaura aniyar neman diyya. Duk majalisar da na zauna sai na faɗi abin da zan yi wa Alhajin nan. Na ce zan kai shi gaban alƙali, na ce sai ya sayar da tafkin da ruwan ciki. A gida ma na yi ta gwada maganar a gaban uwargida, ina nuna randa da yatsa kamar ita ce Alhaji.

Ban kai ga zuwa ba, shi ya zo. Bayan la'asar muka ji sallama: ga Alhaji, ga limamin unguwarmu, ga dattawa biyu. Alhajin ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya ƙi hawa tabarma, ya durƙusa a ƙasa da shaddarsa mai maiƙo. Ya ce, “Baba, laihina na. An gaya mini tsanin na motsi, na ce a bari sai bayan Sallah. Ga ni, yadda kac ce haka za a yi.”

Jama'a, kun san yadda aka raine mu. Babban mutum ya durƙusa maka, liman yana kallo, amsa guda ce bakinka ya sani. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya ce, “Haba Alhaji, ba komai! Ƙaddara ta. Tashi, tashi!” Na ga ya kai hannu aljihu, sai girman ya ƙara hawa mini kai. Na ce, “Wallahi tallahi ba ni karɓar ko sisinka.” Dattawa suka ce madalla da dattako. Liman ya ja fatiha, muka shafa. Har mota na raka su, ina tafiya kamar hakimi.

Ina shigowa na tarar da uwargida tsaye bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta ce, “Malam, mi kac ce?” Na ce na yi abin da manya ke yi. Sai ta ɗaga labule kawai. Ga amaryata kwance, hannu a kumbure bisa matashi, ta ce, “Kaka, yaushe za mu Sakkwato?”

Da safe na wanke fuska na tafi shagon Alhaji. Na wuce ƙofar na dawo, na sake wucewa, har mai shayin wurin ya tambaye ni ko wani abu na yar. Da na shiga na ce, “Alhaji, jiya na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Hannun na yarinya na.” Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ma bai yi barci ba, kuɗin na aljihunsa tun jiya, rantsuwata ce ta ɗaure shi. Nan take ya sa direbansa ya kai mu Sakkwato, ya ɗauki nauyin aikin da magani, ya kuma rufe tafkin sai da aka sake tsani.

Saura rantsuwa. Liman ya ce sai kaffara: in ciyar da miskinai goma. Na ce, “Allah gafarta Malam, ai ni ma miskini na, a ƙirga da ni.” Ya ce mai wake cike da shago ba ya shiga layi. Haka na fita neman diyya na dawo da tara a kaina.

Hannu ya warke sumul, yanzu da shi take fizge mini goro. Ni kuwa na koyi cewa kafin ka ce ka yafe, ka fara duba ko abin naka ne. Ranar da aka dafa shinkafa da waken kaffara, uwargida tana zubawa a kwanoni, ba ta ko dube ni ba ta ce, “Malam, da ragon layyarka na yak karye a gidan mutumin nan, da ba komai za ka ce?”