Ranar da Kwamfuta Ta Roƙe Mu Kada Mu Zuba Mata Ruwa

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da yammacin da na ga 'yar kibiyar nan ta fuskar kwamfutata tana tafiya ita kaɗai ba, alhali hannuwana biyu suna cikin faifai ina tsinke zogale. Da farko na ɗauka idona ne. Na murza shi na sake dubawa, sai na ga kibiyar ta gangara ƙasa a natse, ta buɗe wani abu, ta rufe, kamar mai neman kaya a ɗakinsa.

A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune wurin gwaggona a Kurudu. Wani kamfanin fasaha ya buɗe cibiya a unguwarmu, suna koya wa 'yan mata aikin kwamfuta kyauta, har suka ba kowacce tata ta tafi da ita gida. Su ne ma suka gyara rijiyar burtsatsen makarantar firamare, suka raba wa zawarawa kayan abinci. Kowa yana sa musu albarka, ban da Gwaggo. Tun ranar da na gaya mata sun ɗauki hotonmu da hoton yatsa ta ce a Abuja ko inuwa ba a ba mutum kyauta, waɗannan masu shan jini ne, kiwata mu suke yi. Na yi mata dariya a lokacin.

Da safen ranar na kai wa malamarmu, wadda muke kira Anti, ƙorafin cewa darasina ya ƙi buɗewa. Ta ce in bar kwamfutar a kunne da intanet bayan la'asar, injiniya zai duba. Ni a tunanina mutum ne zai zo ya yi sallama a ƙofa. Na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, har lemo na saya masa.

To, ga shi babu kowa a ƙofa, ga kibiya tana yawo. Can sai wata 'yar fitila ta kama a saman kwamfutar, fuskata ta bayyana a ciki, baki buɗe, da ganyen zogale a haɓa. Nan maganar Gwaggo ta faɗo mini. Na ce shi ke nan, sun zo karɓar jinin. Ban san lokacin da na watsar da faifan na yi bayan randa ba.

Ihuna ya fito da Gwaggo, ya kuma fito da maƙwabciyarmu, wata mai shagon kayan masarufi 'yar wajen Jos da muke kira Madam. Mai sayar da rake na ƙofar gida ma ya shigo da wuƙarsa a hannu. Gwaggo ta dubi kibiyar, ta dube ni, ta ce ai ta faɗa. Wallahi har da ɗan daɗi a muryarta. Ta zuba habbatus sauda a kasko ta turnuƙe mu da hayaƙi, ta ɗauko gorar ruwan tofinta. Madam ta ruga ta dawo da tata gorar da aka yi wa addu'a a coci. Suka tsaya a kan kwamfutar suna kara, wannan ta ce ke fara, waccan ta ce a'a ke ce babba. Mai rake shi shawararsa a sare ta biyu a jefa a masai.

Suna cikin haka sai farin shafi ya buɗe, manyan baƙaƙe suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, da Hausa tsaf. Ni aka sa in karanta, daga bayan randa: “Don Allah kada ku zuba mata ruwa.”

“Kun ji ko,” in ji Gwaggo, tana buɗe murfin gora. “Ruwan yake tsoro.”

Rubutu ya sake fitowa da sauri, har da kurakurai, wai shi mutum ne, injiniya ne, yana ofis.

“Haka suke faɗi dukansu,” in ji Madam. “Yarinya, kar ka amsa shi.”

Sai ya rubuta cewa in ɗauki wayata. Kafin in rufe baki wayar ta hau ruri a cikin ɗaki. A nan ne na zauna daɓas a ƙasa na fara kalmar shahada, ina neman gafarar Gwaggo kan naman miyar da na sha tsame mata. Babu wanda ya yarda ya taɓa wayar. Daga ƙarshe mai rake ya danna ta da ɗan yatsa, ya ja da baya. Muryar Anti ce, tana roƙon mu ajiye gorunan. Gwaggo ta ce aron murya ba wani abu ba ne a wurinsu, in ita ce ta zo da ƙafarta. Kafin nan suka kife bahon wanki a kan kwamfutar, Gwaggo ta haye kai ta zauna da carbinta.

A haka Anti ta same mu dab da magariba, ta sauko daga acaba gyale a karkace. Da ƙyar Gwaggo ta ɗaga. Anti ta danna wani maɓalli, sauti ya dawo, ashe ni na kashe shi tun jiya. Sai ga muryar wani bawan Allah, a dishe, yana cewa tun ɗazu yake ta yi mana sallama daga ofishinsu na Idu. Ya nuna fuskarsa, wani siriri mai tabarau, ya gaida Gwaggo har da rusunawa, ya ba da haƙurin kunna kamara ba tare da na amsa ba. Gwaggo ta tambaye shi garinsu da sunan unguwarsu, sannan ta sa shi ya karanta Fatiha. Ya karanta. Madam ta ce, “Oga, ka kusa ka sha wanka.”

Kowa yana dariya, ni kuwa ina nan zaune a ƙasa. Anti ta durƙusa gabana, ta kama kafaɗuna ta ce, “Ƙanwata, dube ni. Babu mai son jininki. Gyara aka yi miki, kuma an gama. Babu abin da zai same ki.” Sai a lokacin kuka ya zo mini, ana kiran sallah ina sheshsheƙa a jikinta.

Na gama karatun, yau da shi nake ci. Amma tun daga wannan magaribar, duk wanda ya ce zai yi mini wani abu, ko alheri ne, ba na jin kunyar tambayarsa ta yaya, kuma ta ina zai shigo.