Yatsan Kawu Rosaire

A ƙauyenmu da ke lardin Kebek mai goge ba ya neman makaɗi. A zaune yake yi, da katako ƙarƙashin sawunsa, hannu na jan goge, ƙafafu na ba da kiɗa: diddige, yatsu, diddige. Kawuna Rosaire ya shekara arba'in yana wannan, matarsa Goggo Jeannine kuma ta shekara arba'in tana mitar ya cinye mata daɓen kicin.

Lokacin tatsar ruwan zaƙi daga itatuwan mebul ne ya zame a ƙanƙara da bokiti biyu a hannu, ƙwaurinsa na dama ya karye. Ƙashi ya haɗe lafiya, amma babban yatsan ya zo da tsiya. Da ya ɗaga tafin ƙafa sai yatsan ya ƙudundune kamar na kaza. Takalmi ma da ƙyar yake shiga, kiɗa kuwa ya gagara. Kawu ya rataye goge. Ban taɓa jin gidan nan shiru haka ba, kuma wallahi abin ya ƙona min rai.

Likitar ƙashi ta ce jijiyar da ke jan yatsan ce ta manne a wurin karayar, ta gajarce. Aka yi masa aiki a bayan idon sawu, aka ƙara mata tsawo, aka ɗaure ƙafar. Ta ce sati shida kada ya taka.

Kawu bai taka ba, tsakani da Allah. Goge dai ya sauko da shi, wai ai ba a hana hannu ba. Baiti biyu kacal ya ja, ƙafa mai ɗauri ta fara dukan ƙasa da kanta.

Goggo ta fito da ludayi a hannu. "Kai tsoho! Ɗinkin kake so ka farke?"

"Ba ni ba ne, Jeannine, ita ce ba ta jin magana."

"To ni za ta ji tawa."

Ta ƙwace gogen ta kai gidana, ta ce in na ba shi ba ni ba ita. Kullum sai ya bugo min waya: "'Yar nan, ba ki da tausayi?" Ba ni da shi kuwa, tsoron Goggo ya fi ƙarfina.

Da tatsar mebul ta zagayo, dangi suka taru a bukkar dafa zaƙi, an ci wake da wainar ƙwai. Na miƙa wa Kawu gogensa. Ya dubi ƙasa, babu katako. Sai ga Goggo ta ciro shi daga bayan mota, ta goge shi tas, ta durƙusa ta ajiye masa.

Ya ɗaga tafin ƙafa, yatsan ya tsaya a miƙe. Ya buga sau ɗaya, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci.

"Da ƙarfi mana, tsoho," in ji Goggo tana share ido. "Shekara guda ban ji abin da zan yi wa faɗa ba."