Ragon da goggo ta yanka wa ɗanta

Abubuwa da yawa na yaƙin nan sun fara dusashewa a raina, amma dawowar ɗan goggona kam, har in koma ga Allah ba zan manta ba.

Tare muka taso a unguwar Alsawra, tare muke ɗinki a Kasuwar Umdurman. Mutum ne mai jiki da son ci, in muka haɗa faranti sai na yi da gaske nake samun loma. Wata rana ya fita neman gawayi, masu bindiga suka tafi da shi. Watanni suka shuɗe shiru. Wasu har sun fara yi wa goggo ta'aziyya a kaikaice, tana fatattakar su.

Sai ga shi wata rana da hantsi an sauke shi daga raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. Wallahi da murya na gane shi. Jallabiyarsa kamar an rataye ta a ƙusa. Ya ce inda aka tsare su gutsuren burodi ne abincin yini, wani yinin ma babu.

Goggo ba ta yi kuka ba. Ta shafa haƙarƙarinsa ta ce, "Ni zan mayar da naman nan da hannuna."

A wurinmu wanda ya tsallake mutuwa ana yi masa karama, a yanka dabba a ciyar da unguwa. Goggo ta rabu da 'yan kunnenta, aka kayar da rago. Ga tuwon asida, ga shinkafa, ga shayi sukari har ƙasan kofi. Ya ci kaɗan ya ce wa uwar tasa, "Yumma, na ƙoshi."

"Ka ƙoshi a ina? Buɗe baki."

Ya buɗe. Wa zai ce wa uwa a'a a irin wannan rana? Haka aka yi ta yi safe da yamma, kowace maƙwabciya da kwanonta.

Kafin mako ya zagayo ƙafafunsa suka kumbura. Goggo ta dinga nuna wa mata tana murna: "Kun gani? Har ya fara cika." Daga nan hannu ya kama rawa, numfashi ya yi sama, ya daina gane mu. Muka kai shi asibiti, bai kai la'asar ba.

Likitar ta ja ni gefe ta tambayi abin da ya ci. Da na lissafa mata, sai ta runtse ido. Ta ce jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya cinye ajiyarsa ta gishirin da zuciya ke aiki da shi. In abinci mai yawa ya shigo lokaci guda, musamman sukari da tuwo, jiki yakan kwashe ɗan abin da ya rage a jini don sarrafa shi, zuciya ta rasa. Irinsa da kunu mai ruwa-ruwa ake farawa, kaɗan-kaɗan, likita na dubawa.

A zaman makoki goggo ta riƙe hannuna ta ce, "Abu ɗaya ke sanyaya min rai. Ɗana bai mutu da yunwa ba, da hannuna na ciyar da shi."

Na ce, "Haka ne, Goggo." Har yau ban faɗa mata ba, kuma ba zan faɗa ba. Abin yana ci na ni kaɗai.

Yanzu in na ji an sako ɗan wani, nakan riga mahauci zuwa gidan, in roƙe su a ɗaure ragon tukuna. Wasu su ce na cika shisshigi, wasu su ce baƙin ciki nake yi. Su faɗi. Na riga na ga cewa cikin da ya daɗe babu komai ba ya ɗaukar ƙauna lokaci guda, cokali-cokali ake ba shi.